Biyar da Ta Koma Sifiri: Daga Tamale Zuwa Tungar Rimi

Alhamis: Tamale zuwa Salaga

A shekarar da aka buɗe gadar sama ta tsakiyar Tamale, mako uku bayan Ƙaramar Sallah, na yi wata tafiya wadda ban shirya mata ba. Ranar Alhamis ce. Na yi sallar Asuba a masallacin unguwarmu ta Nyohini, na koma gida na ɗauki jaka, ƙarfe biyar da kwata ina bakin titi ina jiran yalo-yalo, keken haya mai ƙafa uku. A jakar akwai riga ɗaya, da carbi, da littattafai biyu: ƙaramin littafina na ajami, da babban littafin ƙididdiga mai koren bango. Saboda su na fito, don haka bari in ba da labarinsu kafin mota ta cika.

Shekarar da ta gabata, wata ƙungiya mai ofishi a Lamashegu ta ɗauke ni aiki na wata biyu. Aikinta tara ƙididdigar noma da kamun kifi na yankinmu, ta buga a littafi duk shekara. Ni ba ma'aikacin ofis ba ne, karantarwa nake yi a zaure. Sun neme ni ne don akwai tungayen masunta a bakin tafkin Volta inda Hausa kaɗai ake ji sosai. In na je tunga sai in tambaya: jirage nawa, raga wace iri, murhun banda nawa, gonar masara ce ko ta rogo. Amsar kuwa da ajami nake rubuta ta a littafina, don a nan hannuna ya fi sauri, daga baya in kwafe a fom da lambobin boko.

Ranar Talatar makon da na yi wannan tafiya na shiga kasuwar Aboabo sayen kifi wurin Hajiya Azumi, wadda take sarin banda daga bakin tafki. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Malam, ashe kai ne ka nutsar da jiragen Tungar Rimi?"

Na yi dariya. Ita ba ta yi ba.

Ta ce masu ba da tallafi sun bi tungaye da sababbin raguna da rigunan ruwa, suna duba littafinmu suna rabawa. Sun ba tungar gabas, sun ba ta yamma, suka tsallake Tungar Rimi. Da mutanen suka bi ba'asi sai aka buɗe musu littafi, aka nuna musu layinsu: jirage, sifiri. Ta ce, "Yanzu cewa suke yi kai da Baba Gambo kuka haɗa baki kuka sayar da rabonsu. Tsohon nan ko rigimar kaza ba a kai masa yanzu."

Baba Gambo shi ne sarkin ruwan tungar. Ranar da na je musu bara, mutane sun ƙi ba ni amsa, suka ce ƙidayar lampo ce, wato haraji. Shi ne ya karɓi littafina ya duba, ya ɗaga shi sama ya ce, "Ku dubi rubutunsa. Da harufan Alƙur'ani yake rubutu. Wanda ya yi wannan karatun ba zai cuce mu ba, ni na tsaya masa." Da wannan maganar suka buɗe baki.

Ranar Laraba na je ofis. Madam Fati, mai kula da shigar da lambobi a kwamfuta, ta nemo fom ɗin da na cike. A gidan jirage akwai zagaye ɗaya, da hannuna. Na buɗe littafina na ajami, nan ma zagaye ɗaya. Sai na gane abin da ya faru. Biyar ta Larabci zagaye ce kamar zobe, sifirin boko ma haka yake. A cikin jirgi na kwafe fom ɗin nan muna dawowa, ruwa yana jijjiga mu, duk sauran lambobin na juya su boko, amma a wannan gida ɗaya hannuna ya koma ga abin da ya saba tun ƙuruciya. Na rubuta biyar, aka karanta babu.

Madam Fati ta dafe kai. Ta ce na bara ya riga ya fita, ba a goge shi. Na bana kuma tungar da ba ta da jirgi ba ta cikin jerinsa. "Ranar Litinin ƙarfe biyu muke rufewa, Malam. In ka kawo sabon fom da dangwalen sarkin ruwa, zan shigar. Da baki ba zan iya ba. Motarmu kuma ta tafi wani aiki." Na ce ta ba ni fom ɗin kawai.

To, ranar Alhamis ɗin ga ni a tashar motocin zuwa Salaga ƙarfe shida saura. Direban wani Badagombe ne mai fara'a, ya gaishe ni da "Dasiba", na amsa da "Naa", ya kira ni da sunan malam a harshensu, ya ce, "Afa, zauna gaba. Mota shi cika yanzu-yanzu." Yanzu-yanzun nan ya kai mu ƙarfe bakwai da minti goma. Na sha koko da ƙosai na sidi biyar a bakin tasha, na biya kuɗin mota sidi talatin, muka yi bismilla.

Tamale zuwa Salaga kusan kilomita ɗari da ashirin ne. Wani wuri kwalta, wani wuri jar ƙasa da ramuka cike da ruwan sama. Damina ta fara sauka, doya ta fito a kan tudunta tana neman sanda, ana ta huɗar masara. Tun da na yi aikin nan idona ya lalace, ba na iya ganin gona ban kimanta girmanta ba. Wani manomi da ke bayana ya hango koren littafin a cinyata, ya ce, "Malam, ku ne masu ƙirga mana buhu? Wane buhun kuke rubutawa, na manomi ko na 'yan sari? Na 'yan sari har hula ake ɗinka masa." Mota ta ɗauki dariya. Na ce masa tambayarsa ta fi tambayoyin da ke fom ɗinmu, kuma gaskiya na faɗa. Wata Bafulatana mai ƙwaryar nono ta ce su dai kowa ya zo ƙirga musu shanu, fura za su ba shi ya sha ya tafi.

Bariya biyu muka wuce. A ta farko aka leƙa aka ɗaga mana hannu. A ta biyu, bayan Kpalbe, ɗan sanda ya karɓi katin ɗan ƙasa na kowa ya duba, ya ce in yi masa addu'a matarsa tana da tsohon ciki. Na yi. Kafin Salaga taya ta sace, muka zauna ƙarƙashin kaɗanya minti arba'in. Sha ɗaya da rabi muka shiga gari.

Niyyata in wuce Makango a ranar. Amma hadari ya haɗo ta gabas, kuma ɗan wan mahaifina, Alhaji Mumuni, wanda na biya in gaisar, ya ƙwace jakata ya ajiye a ɗakinsa. Ya ce, "Kakanninmu da jakai suka zo garin nan neman goro, ba su yi gaggawa ba, sai kai? Yau ba mai shiga tafki." Ruwa ya sauko da Azahar, bai tsaya ba sai bayan La'asar. Aka kawo tuwon zafi da miyar ayoyo. Na ci, amma kaɗan. Da na ba shi labari ya yi dariya har da hawaye, sannan ya ce, "Allah ya sa tsohon ya saurare ka. Zargin cin amana ba ya wankuwa da wuri."

Juma'a: Makango da tafki

Ƙarfe takwas na safe na hau wata tsohuwar bas mai zuwa Makango, sidi goma. Tafiyar ba ta kai kilomita arba'in ba, amma ruwan jiya ya ɓata hanya, sai tara da rabi muka isa. Makango bakin ruwa ne, daga nan ake tsallakawa Yeji. Ƙamshin banda ne ya fara tarbar mu. Kwanduna jere, karfasa da tarwaɗa da kurungu, mata suna ciniki da harshe uku a lokaci ɗaya.

Na tambayi jirgin Tungar Rimi. Aka ce babu mai zuwa can kai tsaye, amma wani mai suna Mamman Dogo yana kai gishiri da garin rogo tungayen yamma bayan Juma'a, zai iya ajiye ni. Na same shi yana ɗaure buhuna. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Tungar Rimi? Wurin wa?"

"Wurin Baba Gambo."

"Kai ne malamin littafi?"

Na ce ni ne.

Ya ce, "Tab. Kana da zuciya. Sidi ashirin. In sun jefa ka ruwa, tsamowa kyauta ne."

Muka yi Juma'a a masallacin garin, na ci shinkafa da wake a wurin wata mata, ƙarfe biyu da rabi Mamman Dogo ya ta da inji. Wanda bai taɓa shiga wannan tafkin ba sai ya ɗauka fili ne. Ba fili ba ne. Daji ne ruwa ya rufe, kututturan itatuwa suna nan a tsaye, waɗansu kansu a waje, waɗansu a ɓoye ƙarƙashin ruwa da taki ɗaya. Mamman yana tsaye a baya yana murza jirgi dama da hagu kamar mai bin lungunan unguwarsu. Ni kuwa na rungume jakata a cikin leda, bakina bai daina salati ba. Ya ce, "Malam, ƙara ƙarfi, injin ma yana so." Mun tsaya tunga biyu ya sauke kaya. A ta biyun na ga sababbin raguna shanye a kan sanduna, da rigunan ruwa masu launin lemo rataye a bukka. Na kawar da kai.

Biyar saura kwata muka hango rimin. Shi kaɗai ne dogon itace a gaɓar, a gindinsa kuma bukkoki ne da ba su kai ashirin ba. Mamman ya ajiye ni, ya ce zai biyo gobe sha ɗaya, in ya tarar ba na bakin ruwa ba zai jira ba.

Matan da ke gyaran kifi sun gane ni. Na yi sallama, suka amsa ƙasa-ƙasa, ba wadda ta ce sannu da zuwa. Na wuce rumfar Baba Gambo. Yana zaune shi kaɗai yana ɗinkin tsohuwar raga. Bara da na zo, rumfar nan ba wurin sa ƙafa saboda mutane. Ya rame. Ya amsa sallamata, ya sa aka kawo ruwa, ya sa aka shimfiɗa mini tabarma, duk bai ɗaga ido daga ragar ba.

Na ce, "Baba, na zo ne a kan maganar littafi."

Ya ce, "Baƙo ya sha ruwa tukun."

Na sha. Na buɗe littattafan biyu a gabansa, na nuna masa zagayen da zagayen, na faɗa masa yadda aka yi, ban rage komai ba. Ya daɗe yana kallo. Shi ma ya yi karatun allo, ya san biyar in ya gan ta.

Ya ce, "Ni ka faɗa wa. Ni kuma ba ni ne na ce na ci rabon kowa ba. Gobe in sun dawo daga ruwa ka faɗa musu da bakinka."

Na ce abin da ya kawo ni ke nan.

Da Magariba muka yi salla a ɗan masallacinsu na zana. A da, Baba ne yake jan salla. Ranar nan kuwa wani ne ya shiga gaba, shi ya tsaya a ƙarshen sahu. Wannan ya fi mini komai ciwo. Bayan salla matarsa ta aiko da tuwon rogo da miyar tarwaɗa, kwano cike, har da kan kifin, wanda babban baƙo ake ba. Mutumin da na zubar wa mutunci ne ya ciyar da ni haka. Allah ya saka masa.

Asabar: ƙidaya a gindin rimi

Masunta sun fita tun kafin gari ya waye, suka fara dawowa wajen ƙarfe takwas. Tara ta yi kowa yana gindin rimi, maza a gaba, mata a tsaye a baya da wuƙaƙen gyaran kifi a hannu. Baba Gambo ya ce, "Ga malamin. Ku ji daga gare shi." Ya koma gefe ya zauna.

Na miƙe na yi salati. Na ce, "Jama'a, Baba bai ci muku komai ba. Ko zare ɗaya ba a aiko da sunanku ba, balle a sayar. Ni ne na yi kuskure, da wannan hannun." Na tsuguna na zana zagaye a yashi. Na ce, "Waɗanda suka yi allo, nawa ne wannan?" Suka ce biyar. Na ce, "Waɗanda suka yi boko fa?" Wata mata daga baya ta ce, "Ziro!" Na ce, "To, abin da ya faru ke nan. Na rubuta da harshen allo, aka karanta da harshen boko." Na miƙa littafina da koren littafin, suka yi ta yawo hannu zuwa hannu.

Sai wani ƙaƙƙarfan mutum mai suna Awudu ya yi magana. Shi ne, na ji daga baya, ya fara ɗora wa Baba zargin. Ya ce, "Malam, mun ji. Zagaye ya yi kama da zagaye. To ragar fa? Zagaye za mu jefa a ruwa?"

Na ce, "Ragar bara ta wuce, ba ni da ikon dawo da ita, ba kuma zan yi muku alkawarin ta bana ba. Abin da ke hannuna shi ne ku koma cikin littafi. In ba ku shiga ranar Litinin ba, an manta da ku."

"To tunda haka ne, ka biya mu. A rubutunku na allo, ɗigo ɗaya shi ne sifiri, ko ba haka ba?"

"Haka ne."

"Ka ɗiga mana ɗaya a gaban biyar ɗin nan mu zama hamsin. Ko ka ce ƙuda ne ya yi kashi a takarda."

Dariya ta ɓarke, har matan. Ni ma na yi. Amma na ga idon waɗansu, ba wasa suke ji ba. Na ce mu je bakin ruwa mu ƙirga.

Muka gangara. Na taɓa kowane jirgi da hannuna, ina kiran sunan mai shi. Na Awudu. Na Sale da ƙanensa. Na Malam Bawa. Na Baba Gambo. Na tsaya ina neman na biyar. Babu.

Matar Baba ce ta ba ni amsa. Ta ce ɗansu Isiya ya ɗauki jirginsa da iyalinsa ya koma Yeji wata uku da suka wuce. Ragarsa ta mutu, ba ta ɗinkuwa, kuma ya gaji da jin ana kiran ubansa ɓarawo.

Na tsaya da biro a hannu. Gaskiya zuciyata ta raya mini in rubuta biyar. Ai biyar ne da, ni na mai da su huɗu. Awudu ya matso ya ce a hankali, "Hamsin wasa nake yi. Amma biyar hakkinmu ne, Malam. Isiya ɗan tungar nan ne." Waɗansu suka ce haka ne. Na waiwaya wurin Baba Gambo. Ruwa yake kallo.

Na ce, "Awudu, fom ɗin cewa ya yi jiragen da ke gaɓa yau. Bara na rubuta muku abin da ba shi ba ne bisa kuskure, kun ga inda ya kai mu. In na sake yau da gangan, wa zai ƙara tsaya mini? Huɗu na gani. Amma akwai gidan ƙarin bayani a ƙasa, zan rubuta cewa na biyar ya ƙaura bana, da dalilinsa, da sunan wanda ya jawo."

Awudu ya ce, "Sunan wa?"

Na ce, "Nawa."

Ya yi tsaki, amma bai ƙara ba. Na rubuta huɗu da lambar boko, na rubuta ta da kalma, na sake rubutawa da ajami a gefe, na ba mutum uku suka karanta da ƙarfi. Muka bi sauran tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, raga da ƙugiya da murhun banda da gonakin rogo na bayan tunga. Matan suka gyara mini lissafin murhu, suka ce bara ma maza ne suka amsa, ba su san komai a kai ba. Baba Gambo ya dangwala yatsa. Awudu ya ce shi ma zai dangwala a matsayin shaida, don kada a sake cewa ba a gani ba. Na ce bismilla.

Sha ɗaya saura muka ji injin Mamman Dogo. Baba ya rako ni bakin ruwa. Na ce, "Baba, ka yafe mini."

Ya ce, "Bara ma ka rubuta, ka tafi. Takarda a jaka ba littafi ba ce. In ya shiga, ka kira ni. Litinin bayan Azahar zan hau tudun gara na bayan masallaci, nan ne kaɗai waya take kamawa."

Ban ji haushi ba. Gaskiyarsa ce.

Mamman Dogo ya dube ni ya ce, "A'a, a bushe ka fito?" Ƙarfe ɗaya da rabi muna Makango, huɗu ina Salaga. Na sake kwana gidan Alhaji Mumuni, fom ɗin a cikin leda biyu.

Lahadi da Litinin: gida

Motar Lahadi ba ta cika da wuri ba, sai tara muka tashi. Hanya ta bushe, ba taya, ba tsaiko. A bariyar Kpalbe na tarar da ɗan sandan nan, ya ce har yanzu shiru, in ƙara addu'a. Ƙarfe ɗaya na sauka Tamale, yalo-yalo ya bi da ni ta ƙarƙashin sabuwar gadar zuwa Nyohini. Na tarar da iyali lafiya.

Litinin ƙarfe takwas ina ƙofar ofis a Lamashegu, kafin ma a buɗe. Madam Fati ta karɓi fom ta duba, ta ga huɗun da na rubuta sau uku, ta ce, "Malam, wannan ko makaho ya karanta." Na ce ba zan tafi ba sai na gani a kwamfuta. Ta jawo mini kujera. Ta buga sunan tungar, ta buga lambar, ta buga ƙarin bayanin har da sunana, ban ce ta cire ba. Ta ce za su sa gyara a shafin ƙarshe na littafin bana, a nuna cewa sifirin bara biyar ne, kuma za ta aika wa masu tallafin wasiƙa, ko da yake ba ta san abin da za su yi ba. Ta fitar mini da shafin a takarda. Sannan ta tambaye ni ko akwai sauran lambobin allo masu kama da na boko. Na ce shida tamu kamar bakwai ɗinku take. Ta ce, "Innalillahi," ta sa aka kwaso duk fom ɗin da na cike bara. Muka bi su ɗaya bayan ɗaya da littafina har Azahar. Alhamdu lillahi, ba mu sami wani ba.

Na yi salla a masallacin da ke kusa, na zauna a inuwa na kira. Bugu ɗaya aka ɗauka. Iska tana kaɗawa a wayar, ina jin muryoyi a bayansa.

Na ce, "Baba, ya shiga."

Ya ce, "Karanta mini. Na buɗe murya, jama'a suna ji."

Na karanta layin tun daga sunan tunga har ƙarshen ƙarin bayani, a hankali, da Turancinsa, sannan na fassara. Na faɗi maganar gyaran shafin ƙarshe. Na ji muryar Awudu daga nesa yana cewa, "Tambaye shi, huɗun ba ta yi kama da wani abu ba?" Aka yi dariya.

Baba ya yi gyaran murya. Ya ce, "Malam, na tsaya maka a gaban mutanena, yau ka fitar da ni. Babu sauran komai tsakanina da kai. Na yafe, duniya da lahira."

Na yi hamdala. Sannan na ce, "Na gode, Baba. Isiya fa?"

"Na aika masa. Ya ce sai ya gani. Wannan na Allah ne." Sai ya ce, "To, sai an jima. Ka tsayar da ni a kan tudun gara, ga mutane suna jirana a rumfa. Sale ne da ƙanensa suke rigima a kan ƙugiya tun safe, sun ce ba mai raba su sai ni."

Ya kashe waya. Na daɗe zaune a wurin kafin in tashi.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni, ya kuma tona kuskurena tun ina da ƙafar zuwa in gyara. Allah ya saka wa Hajiya Azumi da ta faɗa mini a fuska, da Alhaji Mumuni da iyalinsa, da Mamman Dogo, da Madam Fati. Baba Gambo kuwa, Allah ya ƙara masa girma, ya cika masa rumfarsa, ya dawo masa da ɗansa gida. Amin.